Darasi na 9: Inda Bahaushe Ke Tuntuɓe a Turanci

A daren farko na wani ajin manya da na taɓa koyarwa, na tambaya ko akwai wanda ya san kalmomin Turanci ko da guda goma. Kowa ya sunkuyar da kai. A bencin baya akwai wani dattijo bakanike, baƙin mai bai gama fita daga faratansa ba. Na ce, "Baba, kai fa?"

Ya ce, "Malam, ai ni ko zo in kashe ka ban sani ba da Turanci."

Na ce to, a ajiye maganar Turanci, ya lissafo mini abubuwan da ya taɓa da hannunsa yau a gareji. Ya fara jerowa: taya, burki, giya, sitiyari, batir, fulogi, injin, fetur, lagireto. Yana faɗa ina rubutawa a allo. Sai sauran suka sa baki. Wata Hajiya ta kawo bokiti da kofi da tebur, wani tsohon ɗan sanda ya kawo kofur da saje da bariki. Da allo ya cika, na bi kowace kalma na rubuta asalinta a gefe. Dattijon ya daɗe yana kallo, can ya ce, "Ashe shekara talatin ina Turanci ban sani ba."

To haka abin yake gare ka, ɗalibi. Ba hannu rabbana ka zo ajin nan ba. Kana da ɗaruruwan kalmomin da kakanninmu suka aro daga Turanci suka sa musu rigar Hausa: likita, asibiti, kotu, lauya, direba, kafinta, tela, birkila, sisi, kwabo. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, da yake Faransa ce ta mulke su, nasu aron daga Faransanci ne, shi ya sa za ka ji suna ce wa makarantar boko lakwal, malaminta kuwa mushe.

Amma amfanin waɗannan kalmomi ya wuce a ƙirga su a ji daɗi. Duk inda ka ga Hausa ta lanƙwasa kalmar Turanci kafin ta karɓe ta, to nan ne harshenka zai yi tuntuɓe ranar da ka tashi faɗin ainihin kalmar. Wanda ya san inda rami yake a hanya ba ya faɗawa sau biyu.

Me ya sa sai Turanci?

Ba sai an tsawaita ba, kowa ya san abin da ya kawo shi. Takardar asibiti, fom ɗin banki, saƙon da ke shigowa waya, sakamakon jarrabawar yara, duk da Turanci suke zuwa. Sashe na 55 na tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya sa Turanci a gaba wajen gudanar da harkokin Majalisar Tarayya, sannan Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadinsu. Ɗanka kuma ba zai shiga jami'a ba sai ya ci Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma a JAMB ma dole ne ga kowa.

Wasu na tsoron kada Turanci ya cinye musu Hausarsu. Tarihi bai nuna haka ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa ta fara koyarwa. Daga baya aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda aka tsananta koyar da Turanci da kyautata furucinsa. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi karatu, shi ne kuma ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoba na 1960 ya yi jawabi da Turanci a madadin sabuwar ƙasa. Shi ɗin dai ne ya rubuta littafin Shaihu Umar da Hausa tsantsa. Abubakar Imam ma ɗan wannan kwaleji ne, ga shi shi ya ba mu Magana Jari Ce, ya kuma zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939.

Baki da leɓe

Dubi waɗannan: famfo, fetur, fenti, fasinja, fensir, filo. Dukkansu a Turanci da harafin p suke farawa. Mu ba mu ware p daban da f ba. Ko ka ce fanka ko ka ce panka, Bahaushe abu ɗaya zai miƙo maka. Basakkwace ma cewa zai yi "tahi" inda Bakano ke cewa "tafi", ba kuma wanda ya ɓata. A Turanci kuwa ba haka ba ne. "Pan" kaskon suya ne, "fan" fanka ce. "Pull" shi ne ja, "full" a cike. Wanda ya shiga shagon kwafin takardu ya nemi "coffee" alhali "copy" yake nufi, gahawa ya tambaya.

Gyaran ba wuya, sai dai naci. Yagi 'yar takarda ka riƙe ta gaban bakinka, tazarar yatsa biyu. Haɗe leɓɓanka gam, ka tara iska, ka sake ta lokaci guda ka ce "pan". Takardar za ta yi tsalle. Yanzu ɗora haƙoranka na sama a kan leɓen ƙasa, ka bar iska ta riƙa zurarowa kamar tayar da ta yi faci, ka ce "fan". A nan leɓɓa ba sa haɗuwa ko kaɗan. In kana da madubi, duba: a p ba a ganin haƙora, a f ana ganinsu. Ka yi wannan sau ashirin da safe, ko da yara za su yi maka dariya. Za su yi ɗin kuwa.

Harafin v ƙanen f ne. Mun mayar da shi b a cikin direba. Wurin fitarsa ɗaya da f, sai dai da murya. Ɗora hannu a maƙogwaro: in ka ce f ba ka jin komai, in ka ce v za ka ji yana rawa. Da wannan ake raba "vote", wato ƙuri'a, da "boat", jirgin ruwa.

Sai "th", wanda ke ba jama'a da yawa wahala. Mu mukan mayar da shi s ko z, sai "think", yin tunani, ya koma "sink", nutsewa. Wanda ya yi karatun tajwidi ya riga ya huta, don sautukan nan biyu su ne na ث da ذ, waɗanda ake fitarwa da tsinin harshe a bakin haƙoran gaba. Na farko shi ne a "think" da "thank", na biyu a "this" da "that". Na sha ganin alaramma ya kama wannan cikin minti biyar, ɗan sakandare yana ta fama.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta Hausa da ta fi duk waɗannan tasiri, ko da yake ba a cika lura da ita ba. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, kuma kalmarmu ta fi son ƙarewa da wasali. Shi ya sa "bread" ya zama burodi, "glass" ya zama gilashi, "plug" ya zama fulogi, "ticket" ya zama tikiti, "court" ya zama kotu. Mukan cusa wasali a tsakiya, mu liƙa wani a ƙarshe, ko mu yar da baƙin ƙarshen gaba ɗaya. A Hausa wannan ado ne. A Turanci kuwa asara ce, domin Bature a wutsiyar kalma yake ajiye rabin nahawunsa. "Book" littafi ɗaya, "books" da yawa. "Walk" tafiya, "walked" an riga an yi ta. In ka haɗiye wutsiya, mai sauraro bai san ko ɗaya ne ko goma ba, jiya ne ko yau. Don haka ka saba wa bakinka kai kalma har ƙarshenta, ka tsaya cak ba tare da ƙara mata i ko u ba. A farkon kalma kuma, ja sautin farko ka faɗa kan na biyu kai tsaye: sss-top, sss-chool.

Wajen wasula kam kana da riba. Kunnenka ya saba raba dogo da gajere: garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, dafa abinci da dafa kafaɗa. Wannan kunnen shi zai raba maka "ship", jirgin ruwa, da "sheep", tunkiya, ko "live" da "leave".

Ban ce sai ka yi magana ta hanci kamar mutumin Landan ba. Ba'indiye da Turancinsa, Ba'amurke da nasa, mutumin Gana da nasa. Abin nema a fahimce ka, shi ke nan.

Rubutu daban, faɗa daban

Wanda ya koyi karatun Hausa ya saba da gaskiya: abin da ka gani shi za ka faɗa. Turanci bai yi wannan alkawari ba. Haruffansa 26 ne, sautukansa kuwa kimanin 44, kuma wajen 20 daga ciki wasula ne da ake rubutawa da 'yan haruffa biyar. Dubi "though", "through", "tough", "cough". Ƙarshensu iri ɗaya a ido, amma huɗu ne a kunne.

Ba mugunta ba ce, tarihi ne. A 1066 Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila da yaƙi, kalmominsu da salon rubutunsu suka kwararo cikin Turanci. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, rubutu ya fara daskarewa, alhali furucin mutane yana ta sauyawa. Harafin k da ke farkon "knife" da "knee" a da ana faɗinsa. Baki ya yar da shi, takarda ta riƙe. Saboda haka kada ka koyi kalma daga littafi kawai. Ji ta daga bakin wanda ya iya, ka maimaita, sannan ka ga yadda ake rubuta ta. In ka so, rubuta furucinta da haruffan Hausa a gefe da fensir, ka goge bayan ta zauna.

Ginin jimla

Nan ma akwai sauƙi. Hausa da Turanci tsari ɗaya suke bi: mai aiki, aiki, abin da aka yi wa. "Yaro ya sayi keke" shi ne "The boy bought a bicycle." Jam'i kuwa, mu ne ya kamata a tausaya wa mai koyon harshenmu. Gida gidaje, doki dawaki, mace mata, jirgi jirage, kowace kalma da hanyarta. Turanci galibi s kawai yake liƙawa, ban da 'yan tsiraru irin "man" da "men", "child" da "children". Sannan a wurinsu tebur da kujera ba namiji ba mace, duk "it" ne. Kai da ke da ku kuma duk "you" ne, ko da Sarki kake magana. Kada ka ji kamar ka yi rashin ladabi.

Tuntuɓen yana wuri uku. Na ɗaya, a Hausa dole a sa wakilin suna bayan suna: yaro ya tafi, yarinya ta zo. Sai ɗalibi ya ɗauko wannan "ya" ɗin ya ce "The boy he went." Turanci ba ya son wannan ninki, ko dai "The boy went", ko "He went". Na biyu, lamba: mu mukan ce awaki uku, su sai su sa ukun a gaba, "three goats".

Na uku shi ne babba. A Hausa ɗan ƙaramin wakilin suna ne ke ɗauke da lokaci: na sayar, zan sayar, nakan sayar. A Turanci aikatau ɗin kansa ne ke sauya kama: "sell" ya koma "sold", "buy" ya koma "bought", "go" ya koma "went", wanda ko kama da shi bai yi ba. Masu bin ƙa'idar ƙara "ed" sun fi yawa, amma marasa bin ta su ne ake amfani da su dare da rana. Ba wata dabara sai hadda. Ɗauki biyar a mako, kuma kada ka haddace su tsirara. Sa kowanne a jimlar da ta shafe ka: abin da ka saya jiya, inda ka je ranar Juma'a.

Kalma ɗaya, ƙofa goma

Hausa na da 'yan kalmomi masu faɗin ciki. Ɗauki "ji". Muna jin magana, jin ƙanshi, jin zafi, jin ɗanɗano, jin Larabci. Turanci kowanne da kalmarsa: "hear", "smell", "feel", "taste", "understand". Haka "sha": ruwa ne kaɗai da danginsa ake yi wa "drink", ƙwayar magani "take" ake yi mata, taba kuwa "smoke". Aro ma ya rabu biyu. Mai karɓa "borrow" yake yi, mai bayarwa "lend", don haka "ara mini" shi ne "lend me". Ƙamus zai ba ka ma'anar kalma, amma ba kullum yake gaya maka da wa take tafiya ba. Koyi kalma tare da abokiyar tafiyarta.

Akwai wani tarko da nake son ka tsaya a kansa, domin yana iya kai mutum ga cutuwa. In aka ce maka, "Ba ka sha maganin ba?" kuma ba ka sha ɗin ba, Hausa cewa take, "E, ban sha ba." Wato kana gaskata mai tambaya. Turanci ba ruwansa da mai tambaya, aikin yake kallo. In ba a yi ba, amsa "No" ce, ko yaya aka juya tambayar. Wata ɗalibata ta raka mahaifiyarta asibiti, likitan ba ya jin Hausa, ya tambaya, "She didn't take the medicine?" Ta ce, "Yes." Ita tana nufin e, ba ta sha ba, shi ya ɗauka ta sha bai yi aiki ba, har ya ɗauki biro zai sauya magani. Allah ya taimaka wata nas ta sa baki. Tun daga ranar nake ce wa ɗalibai kada su tsaya a kalma ɗaya. Cika amsarka: "No, she didn't", ko "Yes, she did."

Kunya

Yaro ya fi babba saurin kama furuci, wannan gaskiya ne. Amma babba ya fi shi sanin abin da yake nema, ya fi shi iya kwatanta wannan da wancan, kuma ba wanda ya koro shi aji da bulala. Abin da ke kayar da manya ba taurin kai ba ne, kunya ce. Magidanci mai 'ya'ya bakwai, wanda ake sauraro in ya yi magana a unguwa, ga shi yana in'ina gaban sa'ar jikarsa. Da ciwo. Sai dai gemu ba ya hana ilimi, kuma babu wanda ya taɓa iya wani harshe bakinsa a rufe.

Minti goma sha biyar kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Fara da kalmomin sana'arka, su za ka buƙata gobe da safe. Karanta abin da ke jikin kwalin magani, da buhun taki, da allunan bakin hanya. Labarin da ka riga ka ji a rediyo da Hausa, sake sauraronsa da Turanci. Da yake ka san zancen, kalmomin za su riƙa faɗo maka da kansu. In akwai ɗan makaranta a gida, ku yi ciniki: ya karanta maka shafi ɗaya, kai kuma ka ba shi karin magana ɗaya da ma'anarta.

Ga malamin aji

A firamaren da na yi, duk wanda aka kama yana Hausa a aji sai an rubuta sunansa, ranar Juma'a ya sha bulala. Abin da muka koya shi ne yin shiru. Kada ka kawo wannan ajin manya. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a Jami'ar Ife suka fara gwajin koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi guda. Yaran ba su koma baya a Turanci ba. Yi bayanin ƙa'ida da Hausa, a fahimta, sannan a yi atisaye da Turanci. Rage yawan amshi, inda kai ka faɗa aji duka su ɗauka kamar masu talla. A cikin taron murya ba ka gane wanda bai iya ba. Haɗa su biyu-biyu, wannan mai saye wancan mai sayarwa, ka zaga kana saurare. In ɗalibi na tsakiyar magana kada ka katse shi a kan kowane kuskure. Riƙe guda ɗaya ko biyu, in ya gama ka rubuta a allo ba tare da kama suna ba.

Aiki

1. Rubuta kalmomin aro goma daga sana'arka ko ɗakin girkinka. Nemi asalin kowacce a Turanci, ka faɗi abin da Hausa ta sauya mata.

2. Kai da na kusa da kai: ɗaya ya faɗi "pan" ko "fan", "vote" ko "boat", "ship" ko "sheep", ɗayan ya juya baya ya faɗi ma'anar abin da ya ji da Hausa. Ku yi musaya.

3. Gyara waɗannan: "My father he is a farmer." "Yesterday I go to the market." "Please borrow me your pen."

4. Ba ka biya kuɗin makaranta ba, sai hedimasta ya ce, "You haven't paid?" Ba shi cikakkiyar amsa.

5. Kafin darasi na gaba, zo da kwali ko takarda ɗaya daga gidanka mai rubutun Turanci. Ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ka gane, ka zagaye uku da kake son a fassara maka a aji.